Haɗa ɗalibai da na wata ƙasa ta intanet don koyar da ɗorewar muhalli: ta ina za a fara?

Wa alaikumus salam Malama. Na karanta tambayarki, kin ce kina koyar da jogirafi a sakandare, kin samu wani malami a wata ƙasa ya yarda ku haɗa azuzuwanku ta intanet a kan batun muhalli da ci gaba mai ɗorewa, amma kina tsoron kar abin ya ƙare a gaishe-gaishe da ɗaukar hoto, ga kuma netwok ɗinku ba shi da ƙarfi. Shi ne kike tambaya ta ina za ki fara, kuma wai da gaske yara suna koyon wani abu a irin wannan haɗin?

Suna koyo sosai ma kuwa, amma tsoron nan naki yana kan hanya. Na daɗe ina haɗa irin wannan aiki tsakanin makarantu, kuma yawancin waɗanda na ga sun mutu a hanya wallahi ba netwok ne ya kashe su ba. Abin da ke kashe su shi ne azuzuwan biyu ba sa buƙatar juna. An yi kiran bidiyo na farko kowa ya ɗaga hannu, an faɗi sunaye, an yi dariya, sati na biyu aka ce kowane aji ya je ya yi bincike a kan sauyin yanayi ya kawo, to ai wannan binciken yaro zai iya yin sa shi kaɗai a wayarsa, me zai jira daga wani yaro da ke can wata nahiya? Kafin sati na huɗu guruf ya yi tsit. Don haka tun kafin ki zaɓi manhaja ko ranar haɗuwa, ki zauna ke da malamin can ku samo tambaya guda ɗaya wadda ajinki ba zai iya amsa ta ba sai da abin da ke hannun ajinsa, shi ma nasa ajin ba zai iya ba sai da naki. In kun samu wannan, sauran duk gyare-gyare ne.

Kuma shi wannan darasi kamar don irin wannan haɗin aka yi shi. Ma'anar ci gaba mai ɗorewa da aka fi amfani da ita ta fito ne daga rahoton kwamitin Brundtland na 1987, wato mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. A watan Satumba na 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 da ake son cimmawa zuwa 2030, kuma a ƙarƙashin muradi na 4 akwai sashe na 4.7 da ya yi magana kai tsaye a kan koyar da ɗalibai wannan ilimi, ki riƙe lambar nan don za ta yi miki amfani ranar da za ki shiga ofishin firinsifal neman izini. Amma yaro ba ya kama abin daga haddar muradu 17. Yana kama shi ne ranar da ya gane cewa iska da ruwa da kayan da yake amfani da su ba su san iyakar ƙasa ba. Ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi tana haye tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon, tana kai masa sinadarin fosfaras da ƙasarsa ke buƙata. In kin faɗa wa yaro wannan a aji zai rubuta a littafi ya manta, amma in yana da aboki a wancan ɓangaren da suke aiki tare, magana ta canza.

Batun netwok kuwa, bari in kwantar miki da hankali da tarihi kaɗan. Ƙungiyar iEARN ta samo asali ne a 1988 daga haɗa makarantun Mosko da na jihar New York, lokacin ba WhatsApp ba Zoom, saƙon imel ne ta layin tarho mai tafiyar hawainiya, kuma yaran suka yi aiki tare. Shirin GLOBE ya fara a 1995 da goyon bayan hukumar NASA da wasu hukumomin kimiyya na Amurka, ya kai ƙasashe fiye da 120, kuma ginshiƙinsa ba bidiyo ba ne, awo ne: yara su auna ruwan sama, zafin iska, gajimare, ƙasar noma, su shigar da lambobi a rumbu ɗaya. Tarayyar Turai ta buɗe eTwinning, dandalin haɗa makarantu ta intanet, a 2005, jami'ar jihar New York kuma ta kafa cibiyar COIL a 2006 don haɗa azuzuwan jami'o'i ta intanet. A irin waɗannan shirye-shirye ɗalibai suna aiki sosai da rubutu da lambobi da hotuna, abubuwan da ba sa cin data. Ni a ganina ma raunin netwok wani lokaci alheri ne, don yana tilasta malami ya tsara aikin da ke da nama maimakon dogaro da kallon fuskar juna.

Ga abin da nake so a fara da shi, kuma ban taɓa ganin ya kasa tayar da aji ba. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani masani a Masar, Eratostenis, ya lissafa kewayen duniya da inuwa kawai. Ya san cewa a wata rana ta shekara da tsakar rana a Asuwan rana tana tsaye cak a ka babu inuwa, amma a Iskandariya a daidai wannan lokacin sanda tana yin inuwa da kusurwar kusan digiri 7.2, wato ɗaya bisa 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. Ɗalibanki za su iya maimaita wannan da sanda mai tsawon mita 1 da tef ɗin awo. Kowane aji ya kafa sandarsa a miƙe, ya auna inuwa a lokacin da ta fi gajarta, wato tsakar rana ta wurinsu ba ta agogon ɗayan ba, a rana ɗaya, sai a yi musayar lambobi, a nemo nisan arewa zuwa kudu tsakanin wuraren biyu a taswira, a buga lissafi a ga ko za a kusanci kilomita 40,000. Ya fi sauƙi a wajajen 20 ko 21 ga Maris ko 22 zuwa 23 ga Satumba, don a ranakun kusurwar da kowa zai samu kusan daidai take da latitud ɗinsa, wato digirin nisansa daga layin ikwaita. Sharaɗi ɗaya dai, makarantun su kasance da tazara mai kyau ta arewa da kudu. Wani zai ce ina ruwan wannan da muhalli? Ruwansa shi ne a satin farko yaran sun gane da hannunsu cewa lambar aji ɗaya ita kaɗai ba ta da amfani, sai an haɗa da ta ɗayan, kuma duniyar da suka auna ɗin guda ɗaya ce suke kai su duka.

Daga nan sai babban aikin, kuma in ni ce zan zaɓi ruwa, don babu ƙasar da ba ta da matsalarsa, wasu ƙaranci wasu ambaliya wasu gurɓata. Ma'aunin ruwan sama ba sai an saya ba, roba mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a fara, a ajiye a fili nesa da bishiya da rufin gini, a riƙa dubawa kullum a lokaci ɗaya, su GLOBE suna cewa cikin awa ɗaya da tsakar rana ta wurin. Abin da za ki tsaya kai da fata a kansa shi ne azuzuwan biyu su yi awo iri ɗaya sak, milimita ba inci ba, lita ba galan ba, don galan ɗin Amurka ma daban yake da na Ingila, kuma na ga aikin da ya ɓata sati biyu a kan wannan kaɗai. Sai ki koya musu lissafin nan mai daɗi: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Kenan rufin da ya kai murabba'in mita 100 in aka yi ruwa na milimita 20, lita 2,000 ce ta zuba a kansa. Su auna rufin makarantarsu su ga nawa ke tafiya a banza a shekara. Bayan haka kowane ɗalibi ya yi kwana bakwai yana rubuta ruwan da ake amfani da shi a gidansu, wanka, wanki, girki, bayi, a raba da yawan mutanen gida.

Nan ne fa abin ke fara daɗi, don lambobin za su sha bamban, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma tambayar "me ya sa" za ta fito daga bakin yaran ba daga naki ba. Sai ki jefa musu labarin Cape Town a Afirka ta Kudu, inda fari ya sa a farkon 2018 aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana don gudun ranar da za a rufe famfunan birnin. Ki ce kowane ƙaramin guruf, mai ɗauke da yara daga ƙasashen biyu, ya tsara yadda mutum zai rayu da lita 50. Za ki ga abin mamaki, yaran da suka saba da ƙarancin ruwa su ne za su zama malamai a nan, su ne suka san dabarun, ɗaya ɓangaren kuma su ne masu tambaya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a harkar baki ɗaya, ki yi haƙuri zan ɗan daɗe a kansa. In aka haɗa makarantar da ke da hali da wadda ba ta da shi, akwai wani rami da ake faɗawa ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba. Ɓangare ɗaya ya zama mai tausayi, ɗayan ya zama abin tausayi. Na taɓa kula da wani haɗi da ke tafiya lafiya lau, sai ajin can suka ga hotunan wurin ɗibar ruwa na wannan ajin, tausayi ya kama su, suka fara tara gudummawa, da zuciya ɗaya fa suka yi. Amma daga wannan satin yaran da aka tausaya wa suka daina yin musu, suka daina cewa lissafinku ba daidai ba ne, komai sai godiya, wata yarinya da ta fi kowa kaifin tambaya ta daina turo hoto gaba ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai, don laifin tsarin da muka yi ne mu malamai, ba mu ba su wani abu da su ne gwanaye a kansa ba tun farko. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport tun 1954 ya nuna cewa cuɗanya tsakanin mutane mabambanta tana rage ƙyamar juna ne in an cika wasu sharuɗɗa: matsayi ɗaya, manufa ɗaya, aiki tare, da goyon bayan hukuma. In aka rasa na farkon, cuɗanyar tana iya ƙara tabbatar wa kowa abin da dama yake zato. Shi ya sa nake cewa ku raba shugabanci, sati ɗaya ajinki ne ke jagorantar aiki da kafa tambaya, sati na gaba nasu, kuma batun gudummawar kuɗi ko kaya a cire shi daga aikin kwata-kwata, in ma za a yi to tsakanin hukumomin makarantu can gefe.

Kuma kar ki ɓoye musu gaskiyar lambobi. Iskar kabon a sararin sama ta kai wajen kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, da aka fara auna ta a Mauna Loa ta Hawaii a 1958 ta kusa 315, yanzu ta haura 420. Amma ba kowa ne ya zuba daidai da kowa ba. Mutum ɗaya a Amurka yana fitar da wajen tan 14 na wannan iskar a shekara, a Indiya wajen tan 2, nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Pakistan da kasonta bai kai 1 cikin 100 ba, ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33 a cikinta. Yara suna ganin wannan za su ce ba a yi adalci ba, kuma gaskiya suka faɗa. Aikinki shi ne kar maganar ta koma "ku ne kuka jawo", don ɗan shekara 15 bai gina masana'anta ko ɗaya ba. Ki mayar da tambayar ta zama wa ya kamata ya yi me, kuma me kowannenmu ke da iko a kansa a inda yake. Ku malamai biyu ku tattauna wannan tun kafin ranar ta zo, kar ta same ku ba shiri.

In ruwa bai yi muku ba, akwai bin sawun kaya. Waya ɗaya tak ta isa darasin zango guda: kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya da ke shiga batir daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake, lithiyam mafi yawa daga Ostireliya da Chile, haɗawa galibi a China, sannan in ta mutu ina take zuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kowane aji ya ƙirga matattun wayoyi da caja da ke gidajensu, ya bincika inda suke ƙarewa a wurinsu. Ko rigar auduga, a haɗa da labarin tekun Aral tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a 1960 ya kai murabba'in kilomita 68,000, aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya don noman auduga har mafi yawansa ya ƙafe. Ɗaya dai za ku ɗauka, kar ku haɗa taura biyu a baki.

Sai ƙananan abubuwan da ke kayar da mutum. Kalandar makaranta ita ce ta farko, ki duba ta yau ɗin nan. Yawancin Turai suna buɗe shekarar karatu a Satumba, Japan a Afrilu, Brazil a Fabrairu, Ostireliya ƙarshen Janairu, in kika cire hutu da jarrabawa na ɓangarorin biyu za ki tarar makonnin da kuka haɗu a aji ba su da yawa, shi ya sa sati shida zuwa takwas ya fi aikin shekara guda da ba za a gama ba. Sai bambancin lokaci, tsakanin Sao Paulo da Jakarta awa 10 ne, ƙarfe 9 na safe a Sao Paulo 7 na dare ne a Jakarta, kuma wasu ƙasashe suna tura agogo gaba a Maris su dawo da shi a Oktoba ko Nuwamba, sai ki ga an saɓa da awa ɗaya ba wanda ya sani. Kiran bidiyo biyu sun isa, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, sauran duk a tebur ɗaya na Google Sheets da saƙon murya da hotuna, kowa ya amsa lokacin da ya samu caji da data. Ku sa ƙa'ida dai, duk saƙon da aka turo a amsa shi cikin kwana biyu ko uku, don shiru shi ne ke karya wa yaro gwiwa.

Harshe kuma, in ɗaya ajin da harshen aikin aka haife su, su za su cinye magana, ba don sun fi sani ba. Ki bar yaranki su fara tattaunawa da harshen da suke tunani da shi, su rubuta, sannan su fassara, Google Translate yana taimakawa a gajerun jimloli amma ki riƙa dubawa. Kar a ba da maki a kan kyan turanci, a ba da shi a kan ingancin awo, da kyan tambayar da ɗalibi ya yi wa ɗaya ɓangaren, da ko ya yi amfani da lambobinsu a nasa bayanin. Amma makin dole ne fa ya shiga sakamakon zango a makarantun biyu, in a wurinki aikin na da maki a wurinsu kuma sha'awa ce kawai, da jarrabawa ta matso za su watsar, yaranki su ji kamar an raina su.

Tsaron yara ba abin wasa ba ne. Takardar izinin iyaye a rubuce, kowane guruf da malami a ciki, ba musayar lambar waya ta kai tsaye, ba cikakken suna ko adireshin gida, hoto kuma na ma'auni da wurin awo ya fi na fuska. In abokan aikinku a Turai suke akwai dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018, malamin can zai gaya miki abin da makarantarsu ta yarda da shi, ki tambaye shi tun yanzu.

Guruf-guruf ɗin su kasance ƙanana, yara huɗu zuwa shida, rabi daga nan rabi daga can, kowa da aikinsa da aka rubuta da sunansa, mai awo, mai shigar da lambobi, mai zana jadawali, mai rubuta tambayoyi. A sati na ƙarshe kowane guruf ya fito da shawara ɗaya da za a iya aiwatarwa a makarantar ɗaya ɓangaren, ba tasu ba, su kuma waɗancan su ce musu wannan zai yiwu a wurinmu ko ba zai yiwu ba, ga dalili. Wannan musun shi nake jira a kowane aiki, don a nan nake gane yaro ya fahimci cewa dabarar da ta yi aiki a wuri ɗaya tana iya faɗuwa a wani wurin saboda yanayi ko doka ko abin hannu. Wadda ta tsira daga musun sai a kai wa firinsifal a gwada ta, ko gyaran famfon da ke yoyo ne ko tara ruwan rufi, a ci gaba da awo wata ɗaya a tura wa abokan aiki sakamakon.

Wannan satin dai ki kira malamin can ku ɗora kalandarku a kan tasa, ku fitar da makonnin da kuka haɗu, ku tsayar da tambaya ɗaya da ranar auna inuwa. In kun tsayar, ki turo mini tambayar da shekarun yaran da ƙasar da suke, sai mu duba tsarin makonnin tare.